Katin shaida ya koma cikin waya: yadda mutumin ƙauye zai riƙe NIN ɗinsa

Katin ɗan ƙasa a yau lambobi 11 ne na NIN da hukumar NIMC ke bayarwa, kuma a hankali ana mayar da shi cikin waya. A 2025 hukumar ta fito da manhajar NINAuth, wadda ke ba mutum damar amincewa kafin banki ko wani kamfani ya duba bayanansa. Ƙasashen Tarayyar Turai ma an wajabta wa kowacce ta samar wa mutanenta irin wannan kafin ƙarshen 2026. Sai dai a can kusan kowa da babbar wayarsa a aljihu. A ƙauyukan Gumel ko Kafin Hausa kuwa, waya ɗaya kan ishi gida guda, kuma takan kwana a teburin mai caji. Don haka abin da za a fara tsarewa shi ne layin waya, domin ta cikinsa komai ke bi.

Layin da ke kan NIN ɗinka

Ɗauki wayarka ka danna *346#, ka zaɓi neman NIN. Za a cire kuɗi kaɗan daga katinka. In lambobin sun fito, wannan layin ne aka rubuta maka ranar rajista. In ba su fito ba, to da wani layin aka yi, kuma dole ka gano wanne ne.

A nan yawancin matsalar karkara take. Ranar da masu rajista suka zo makarantar firamare ko ƙofar gidan dagaci, mata da tsofaffi da yawa ba su da waya, sai aka rubuta lambar maigida, ko ta ɗa, ko ta maƙwabcin da ke tsaye a layi. Duk saƙon lambar sirri da za a turo don tabbatar da mutum, can zai je. In aure ya mutu, ko yaro ya tafi ci-rani Legas da layin, mai NIN ta rasa hanyar shiga bayananta. Akwai wanda ya fi wannan muni: layin da aka daɗe ba a yi kira ba, ba a sa kati ba, kamfani yakan sake sayar wa wani, sai saƙonninka su riƙa sauka a wayar baƙon da ba ka taɓa gani ba.

Gyaran shi ne kowane baligi ya mallaki layi da sunansa, ko da babu wayar da zai sa shi kullum, sannan a canza lambar wayar da ke kan NIN ta shafin gyara na hukumar NIMC a intanet. Ana biyan kuɗin gyara, a karɓi shaidar biya. Bayan haka a riƙa sa layin a waya ko da sau ɗaya a wata, a yi kira, a sa kati na naira 100. Da *996# ake duba ko layi yana haɗe da NIN. Kuma kada a sayi sim da aka riga aka yi wa rajista a kasuwa, komai arharsa, domin da sunan wani yake, ranar da ya ɓace ba za a yi maka walkam-bak ba.

Wurin mai caji da mai kafe

Kafin ka miƙa waya caji, zare sim ɗin. In kana ganin wahala ce, sa masa lambar kulle ta sim, wadda ke cikin saitin tsaro har a 'yar rakani-kashi. A kula: in an yi kuskure sau uku sim zai kulle sai da lambar PUK da ke jikin robar da aka ɓalle shi, don haka a adana robar tare da takardun gida. Dalilin wannan duka, wanda ya riƙe layinka na minti biyu zai iya danna *346# ya kwashe NIN, ya danna *565*0# ya kwashe BVN, lambar tantancewarka ta banki.

In za a buga maka takardar NIN a kafe, tsaya a kan mai kafen har ya gama, ka sa ya goge abin daga kwamfutar a gabanka. Fotokwafin da ya fito da duhu ma ka tafi da shi, kada ya koma takardar ƙunshe ƙosai. Lambar sirrin da ta shigo ta saƙo kuwa ba a karanta wa kowa ita ta waya, ko da mai kiran ya ce daga hukuma yake kuma ya faɗi sunan mahaifiyarka daidai.

Masu zuwa ranar kasuwa da littafi da biro suna cewa a kawo NIN za a raba tallafi ko taki, a tambaye su takardar hukumar da ta turo su, a kuma ji ta bakin mai unguwa. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan samarin da ke sayen bayanan mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusun banki da su. In kuɗin damfara ya ratsa ta asusun, sunan mai NIN za a fara gani.

Mai babbar waya da mai ƙarama

Mai babbar waya ya sauke manhajar NINAuth daga Play Store kawai, ya duba cewa NIMC ce ta sa ta. Kada a karɓe ta ta Xender ko ta wani adireshi da aka turo a WhatsApp. Tana son data da sabis mai ƙarfi, kuma takan nemi hoton fuska, don haka a yi da rana a waje, fuska a buɗe. Hijabi ba ya hanawa muddin bai rufe goshi da haɓa ba. Ka sa wa wayar kanta kulle. In buƙatar amincewa ta shigo alhali ba ka je banki ko ofishin kowa ba, ka ƙi.

Mai ƙaramar waya ba a bar shi a baya gaba ɗaya ba. Tun 2022 akwai lambar wucin-gadi ta vNIN, mai haruffa da lambobi 16, wadda ke mutuwa bayan awa 72. Wurin da ke son tantance ka zai ba ka lambarsa, ka danna *346*3* sai NIN ɗinka, sai tauraro, sai lambar tasu, sai #. Lambar vNIN da za ta fito, su kaɗai za ta yi wa aiki. Ba ko'ina ake karɓa ba, amma inda ake karɓa ta fi miƙa ainihin lambar.

Takardar NIN ta hannu har yanzu shaida ce. A sa mata leda, a ajiye ta asalin a akwati inda gara da damina ba za su kai ba, a yi yawo da kwafi.

In yatsa ya ƙi

Rajistar farko kyauta ce. Abin da ke dawo da mutane gida shi ne na'ura ta kasa ɗaukar zanen yatsa. Manomin da ya sha fartanya, da mai wankau, da tsoho, zanensu kan shafe, hunturu kuma yana ƙara busar da fata. A wanke hannu, a shafa mai kaɗan tun da dare, da safe a goge sosai don maiƙo ma yana ɓata hoton. Mata su jinkirta ƙunshi sai an dawo. In duk da haka ya ƙi, a nemi babban jami'in wurin ya duba, kada a yarda wani ya dangwala a madadinka.

Kafin a tura bayanan, sa a karanta maka suna da ranar haihuwa da babbar murya. Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta, kuma wannan bambancin kan tsayar da yaro ranar rajistar JAMB ko ya hana asusun banki haɗuwa da NIN. Gyaran ranar haihuwa shi ne mafi tsada da cin lokaci.

Wanda ya gano an yi amfani da bayanansa ba da izininsa ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba shi haƙƙin tambayar kamfanin abin da ya riƙe a kansa, ya nemi a gyara, ya kuma kai ƙara hukumar kare bayanai ta NDPC. Ya fara da rubuta ranar da abin ya faru da lambar da ta kira, ya bar saƙonnin a waya kada ya goge, sannan ya je ofishin kamfanin layinsa ya nemi a nuna masa duk layukan da aka yi wa rajista da NIN ɗinsa, a cire wanda ba nasa ba.