Yadda Ake Zaɓen Yashi Don Sabon Akwatin Gilashi Na Kiwon Murjani A Ruwan Gishiri

1. Nemi yashin aragonait. Daga ƙwarangwal ɗin murjani da ɓawon halittun teku yake, shi ya sa ya dace da ruwan gishiri. Yashin gini ko na bakin kogi kuwa, kada ma ka fara. Domin gwaji, ɗiga ruwan khal a kan ɗan kaɗan. In ya yi kumfa, alama ce mai kyau.

2. Duba girman ƙwayarsa, nan ne aikin yake. Mai laushi kamar gari yana da kyan gani, amma murjani na son ruwa mai gudu, famfon da ke motsa ruwan zai yi ta kwasarsa yana zuba musu a kai. Manyan ɓarɓashi kuma datti ke maƙalewa a tsakaninsu. A ganina, milimita 1 zuwa 2 ya fi. In za ka ajiye kifin da ke binne kansa da dare, ƙara laushi.

3. Kaurin yashin da za ka shimfiɗa a ƙasan akwatin, santimita 3 zuwa 5 ya isa.

4. Busasshen yashi a wanke shi har ruwan ya washe. Jiƙaƙƙe mai ƙwayoyin bakteriya masu amfani ba a wanke shi.

5. Fara girka duwatsu a kan gilashin ƙasan akwatin, sannan ka zuba yashin kewaye da su, kada kifi mai tono ya rushe su.