Yadda za ka gane ko ana wanke hannu a wod ɗinku, da yadda za a gyara

Mara lafiya ya zo an yi masa aiki lafiya lau, kwana huɗu sai zazzaɓi, a buɗe bandeji a tarar wajen ɗinkin yana ruwa. Ba da wannan ciwon ya zo ba, a wajenmu ya same shi, kuma wallahi abin yana ci min rai. In kana so a rage irin haka kada ka fara da liƙa fosta ko tara mutane lacca, fara da ƙirge tukuna.

Zaɓi abu ɗaya tak, wanke hannu ya fi sauƙin farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta 5: kafin taɓa mara lafiya, kafin aiki mai buƙatar tsabta kamar sa kanula ko wankin ciwo, bayan taɓa jini ko fitsari da makamantansu, bayan taɓa mara lafiya, sai bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi irin su ƙarfen gado da loka da sandar ƙarin ruwa. Na ƙarshen nan mutane ba sa ɗaukarsa a bakin komai, alhali ƙwayoyin cuta suna nan kwance a kai.

Sami takarda ka ja layi biyu, ka tsaya gefe kamar minti 20. Duk sanda ɗaya daga lokutan nan ya zo ka sa alama a layin farko, in an wanke ko an shafa sanitaiza ka sa a na biyu. Wanda ya zura safar hannu kawai ba a ƙirga shi ya wanke ba. Kada ka rubuta sunan kowa, rubuta nas, likita, ɗalibi, mai shara, domin ranar da aka ji ana kai suna ofis ranar za a daina gaya maka gaskiya. A ce dama 60 ta zo an wanke sau 24, kashi 40 cikin ɗari ke nan, daga nan za ku tashi. Ka yi da safe, ka yi a dutin dare, ka yi ranar hutu, kuma ka sani in mutane sun ga ana kallonsu sukan gyara, shi ya sa yake da kyau ka riƙa duba litar sanitaiza nawa wod ɗin ke sha a wata, kwalba ba ta san ana kallonta ba.

Daga nan sai tambaya, me ya hana? Tambayi nas ɗin da ke riƙe da gadaje da yawa ita kaɗai cikin dare, za ta nuna maka famfo can ƙarshen wod, ko sabulu ya ƙare, ko sanitaiza na kulle a kabad, ko kuma hannunta ne ya tsage don bushewa. Wanki da sabulu yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, sanitaiza 20 zuwa 30, kuma ana shafawa ana tafiya. A asibitin jami'a na Janiba a ƙasar Switzerland, wani likita Didier Pittet da abokan aikinsa sun kai kwalaben sanitaiza bakin gado da aljihun ma'aikata, tsakanin 1994 da 1997 tsabtace hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66, cututtukan da ake ɗauka a asibitin suka ragu. Amma fa in hannu ya ɓaci ana ganin datti, sai ruwa da sabulu.

Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ka canza uku tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ɗaura kwalba a jikin gado 6, a sa mutum ɗaya ya riƙa cikawa, bayan mako biyu ka sake ƙirgawa da irin takardar farko. Ya yi aiki, a faɗaɗa. Bai yi ba, a koma a tambaya. Lambar kowane mako a zana ta a jikin bangon da ma'aikata ke zama, kada a yanke hukunci da mako ɗaya, a jira a ga inda layin ya dosa.

Su kuma cututtukan kansu ku buɗe musu rajista tun ranar farko, ku yarda da ma'ana ɗaya ta abin da za a kira ciwon da aka ɗauka a asibiti, kowa ya bi ta. In ciwon da ake ɗauka ta robar fitsari kuke bi, kullum a lokaci ɗaya a ƙirga mutum nawa ke da roba a jiki, ƙarshen wata a tara kwanakin, a ɗauki yawan waɗanda suka kamu a raba shi da jimillar kwanakin, a ninka da 1,000.