Daidaita kwanar hancin dif idan an sauya aksul ɗin baya

Da yawa daga cikin motocin da ke rawa bayan an sauya musu aksul ɗin baya, ba taya ba ce matsalarsu. Kwanar hancin dif ce ba ta dace da ta giyabos ba. Dif shi ne kaskon giya da ke tsakiyar aksul, hancinsa kuma shi ne inda farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos, take haɗuwa da shi. Ana yawan ganin haka a garejin Sakkwato idan an ɗauko aksul ɗin wata mota aka ɗora wa Hilux ko Canter mai jigilar albasa da siminti, mai walda ya kafa mazaunin sifirin da ido kawai.

Kuros ɗin farfela, wato mahaɗar nan mai siffar gicciye da ke kowane bakinta, ba ya juyi da gudu ɗaya idan yana aiki a karkace. A kowane zagaye yana ƙara sauri sau biyu, ya rage sau biyu. Kuros na baya shi ke shafe wannan tangarɗa, amma sai idan kwanarsa ta yi daidai da ta gaba. Don haka bakin giyabos da hancin dif dole su tafi a jere kamar layin dogo. Kuskure ne a ɗaga hancin ya kalli giyabos kai tsaye, sai dai a farfela mai tagwayen kuros a gaba, wadda ita haka take so.

Kafin komai, duba faɗin aksul, tazarar mazaunan sifirin daga tsakiya zuwa tsakiya, da lissafin haƙoran dif, wato yawan juyin farfela kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole lissafin baya ya zama ɗaya da na gaba.

Ɗora aksul ɗin a kan sababbin mazaunai ba tare da walda ba, ka ɗaure U-bol, ƙusoshin da ke rungume aksul da sifirin, sama-sama, sannan ka sauke motar ta zauna da nauyinta a kan tayoyi. Awon da aka yi mota na rataye a jak aikin banza ne. In kullum da lodi take tafiya, zuba mata kamar rabin abin da ta saba ɗauka.

Da ma'aunin kwana, ko manhajarsa ta waya, auna wuri uku: bakin giyabos, jikin farfela, da fuskar hancin dif. Goge laka da tsatsa tukuna, kada kuma motar ta motsa tsakanin awo da awo. A ce giyabos ya sunkuya baya da digiri 4, farfela ta gangara da 6. A cire 4 daga 6, kwanar kuros na gaba 2 ke nan. Hancin dif zai ɗaga sama da digiri 4, na baya ma ya ba da 2. Da hancin zai sunkuya ƙasa da digiri 2, tarawa za a yi, 6 da 2 su ba da 8, kuros ya mutu da wuri. Ana son kowace kwana ta tsaya tsakanin digiri 1 da 3, bambancin gaba da baya kada ya wuce 1. Kada ta zama sifili, domin alluran kuros na buƙatar motsi kafin giris ya zagaya su.

Sifirin mai ganye yana lanƙwasa idan aka taka totur, hancin ya ɗaga. Saboda haka a rage masa digiri 1 zuwa 2 a tsaye, wato 3 maimakon 4 a misalinmu. Farfela mai gida biyu da senta baring mai riƙe ta a tsakiya, kowane gida a auna shi daban.

Sai ka ɗiga walda, ka sake awo, sannan ka cika ta gajere-gajere, dama da hagu, kana bari ta huce, don zafi a wuri ɗaya yana karkatar da bututun aksul. In an riga an yi walda kuma kuskuren kaɗan ne, weji na ƙarfe, wato faranti mai gefe ɗaya siriri, mai digiri 2 ko 4 a tsakanin sifirin da mazauninsa, ɗaure da senta bol mai haɗa ganyen sifirin, zai gyara. Na alminiyam yana fashewa a hanya mai ramuka.

Sa sababbin U-bol, tabbatar kunnuwan farfela masu riƙe kuros na gaba da na baya suna kan layi ɗaya, kuma bakinta mai zamiya yana da sararin shiga kamar santimita 2. Gwada ta a miƙaƙƙen titi irin na Illela. Rawar da ke zuwa da taka totur ta lafa da an ɗaga ƙafa, hancin ya yi sama da yawa. In sai an saki totur take rawa, ya yi ƙasa. Bayan tafiyar farko da lodi, a sake matse U-bol, a duba man dif.