Yadda za ki taya 'yarki zaɓen aiki idan zuciyarta na kan mutane

Tambayi yarinya a Katsina abin da take so ta zama, sau da yawa ba za ta kira sunan aiki ba. Za ta ce tana so ta taimaki jama'a, ko ta share wa Mama hawaye. Mata da dama suna auna kansu ne da amfaninsu ga na kusa da su. Wani nazari na 2009 da ya tattara amsoshin mutum sama da 500,000 ya nuna galibin mata sun fi karkata ga aikin hulɗa da mutane. Galibi ne fa, don haka ki saurari taki 'yar.

Ki fara tun tana aji uku na ƙaramar sakandare, domin a SS1 hanya ke rabuwa. Aikin jinya na buƙatar kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Yarinya kan bar ajin kimiyya don kawai ƙawarta ta bari, sai an zo cike fom a yi da-na-sani.

Sai ki lura da irin mutanen da take so. Wadda ƙannenta ke zagayewa da littattafai bayan Magariba, koyarwa ta dace da ita: NCE, wato takardar shaidar malanta, shekara 3 ce, a Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) Katsina ko Kwalejin Isa Kaita, Dutsin-Ma. Wadda ba ta gudun jini, ga makarantar ungozoma a Malumfashi, ga na kiwon lafiya a Daura da Kankiya. Mai iya sasanta rigima, a duba mata fannin shari'a a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mai kaifin lissafi kuwa, kada a tura ta asibiti dole. Injiniyar da ta kai ruwa ƙauye ma mutane ta yi wa aiki.

Ki haɗa ta da wata 'yar'uwa mai yin aikin, su yi mako guda tare, ta ga yadda take dawowa daga aikin dare ido jajir ta ɗora tukunya.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne aure a tsakiyar karatu. “Ba komai” ɗin da saurayi ya faɗa wajen zance kan karatunta da aikinta ba ya riƙe igiya. Kafin a sa rana, waliyyinta ya zaunar da magabatan yaron, a ambaci abu uku ƙarara: aikin dare, turawa ƙauye, da wanda zai riƙe jariri lokacin jarrabawa.