Yadda zaka ɗauki hoton iyali a bakin teku fuskar kowa ta fito

Bara bayan ƙaramar Sallah muka kwashi yara daga unguwar Nima muka tafi bakin tekun Labadi a nan Accra, har da Mma da ta daɗe rabonta da ganin teku, na yi ta ɗaukar hoto da waya, sai da muka dawo gida na duba naga ruwa ya fito tas amma fuskar Mma ta yi duhu kamar inuwa. Wallahi abin ya min ciwo, don ba kullum take yarda ta fita ba.

Rana ce ta jawo. Waya tana auna haske ne da abinda ya fi yawa a gabanta, toh sama fari, yashi fari, ruwa na ƙyalli, sai ta rage hasken gaba ɗaya, mu kuma masu duhun fata mu ake bari a duhu. Kafin ka danna, taɓa fuskar mutum a allon wayar, wani ɗan hoton rana zai fito a gefe, ka ja shi sama kaɗan har ka ga idanu. Ko sama ta ɗan yi fari babu komai, fuskar ka zo ɗauka.

Lokaci kuma ya fi tsadar waya muhimmanci. Ƙarfe 12 zuwa 2 rana tana tsakiyar kai, kowa ya runtse ido, hula da mayafi su yi wa fuska inuwa, lokacin ku zauna ku ci waakye, wato shinkafa da wake, kawai. Ku jira bayan la'asar, daga wajen 4:30, amma ka yi sauri don nan Accra wajen ƙarfe 6 rana ke faɗuwa kusan duk shekara. Tekun namu kudu yake, in ka fuskance shi rana ta hannun damanka za ta faɗi, kaga in iyali suka juya wa ruwa baya hasken ta gefe zai same su, mai laushi, shi ake nema.

Ka riƙa goge gilashin kyamarar da tsumma mai laushi don iskar teku gishiri ne da ita, tana sa hoto ya yi hazo. Layin da ruwa ya haɗu da sama kar ya karkace. Yara kuma bar ce musu su tsaya su yi murmushi, durƙusa daidai tsayinsu ka ɗauka da yawa suna gudu suna tona rami, ko suna kan doki. Dan Allah kar ka ce wa yaro "ƙara ja baya" don ruwa ya fito a hoto, igiyar ruwan nan tana da ƙarfi, kai kuma idonka na kan waya.

Sai maganar jin ra'ayin mutane. In ka zuba hoto 80 a gurup ɗin dangi na WhatsApp, "Masha Allah" zaka samu, addu'a ce mai kyau amma ba za ta gyara maka hannu ba. Zaɓi biyar, ka tura wa mutum ɗaya da ya san hoto, irin masu ɗaukar biki da suna a zango, kuma ka tura a matsayin fayil don kar WhatsApp ya matse su. Tambayarka ta zama takamaimai, wanne ya fi a cikin biyun nan, me zan yanke, fuska ta fito ko bata fito ba. In ya ce bai yi ba kar ka fara kare kanka, tambaye shi inda da shi ne zai tsaya.

Kafin duk wannan ka fara nuna wa matan gida, iska na ɗaga mayafi, wanda Yaya ta ce a goge a goge shi, kar ya je Facebook. Bana da muka koma na zaunar da Mma kan kujera wajen ƙarfe 5, jikoki sun kewaye ta, hoton da na ɗauka na kai aka wanke min, yana bangon ɗakinta.