Zuwa Ganin Dusar Ƙanƙara a Manali da Shimla: Inda Ɗalibanmu Suka Fi Yin Tuntuɓe

An gama jarrabawa, Disamba ya raba, ana zaune a ɗakin kwanan ɗalibai a Noida ko Jalandhar sai wani ya ce, "Kai, mu je Manali mana." Kafin isha'i an yi karo-karo, an sayi tikitin bas ɗin dare. Haka tafiyar take farawa kusan kullum, kuma ni ban ga laifinta ba. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi, ya zo Indiya karatu, ya koma gida bai taɓa damƙar dusar ƙanƙara ba alhali tafiyar dare ɗaya ce tsakaninsa da ita, ya yi wa kansa rowa. Inda gizo ke saƙar shi ne, tsarin tafiyar na abokan ajinku ne 'yan ƙasa, ku kuma sai ku ɗauke shi yadda yake. Su katin shaidarsu na aljihu, sanyin ba baƙonsu ba ne, in abu ya ɓaci akwai ɗan'uwa a Chandigarh da zai turo mota. Kusan duk kurakuran da ke tafe daga nan suka samo asali.

Na farko yakan bayyana ne da ƙarfe bakwai na safe, a gaban teburin karɓar baƙi na otal, bayan an kwana a mota. Dokar Indiya ta ɗora wa duk mai masauki ya cike takardar da ake kira Form C, ya sanar da hukumar rajistar baƙi, FRRO, cikin awa 24 da saukar baƙon da ba ɗan ƙasa ba. Ƙananan masaukai masu araha da yawa ba su yi rajistar wannan ba, wasu kuma ƙyuya ce kawai. Kun biya ta manhaja, sunan abokinku ɗan ƙasa ke kan rasit, mai otal ya ɗago kai ya gan ku, ya ce babu ɗaki. Maganin abin kiran waya ne na minti biyu kafin a biya ko sisi: a faɗa masa mutum nawa ne baƙi, daga wace ƙasa, a tambaye shi kai tsaye ko yana cike Form C. Kowa kuma ya taho da fasfonsa na ainihi, da biza mai rai, da takardar rajistar zama. Hoton waya da katin makaranta ba sa wadatarwa. A kuma bar wa ofishin ɗaliban ƙetare na jami'a saƙo cewa an tafi, da ranar dawowa.

In wani a cikinku ya kawo shawarar Sikkim, ku dakata. Baƙo ba ya shiga jihar sai da izini na musamman, mai fasfon Najeriya kuwa yana cikin 'yan ƙasashen da sai Ma'aikatar Cikin Gida a Delhi ta amince tukuna. Wannan ba wurin zuwan ba-zata ba ne a gare mu. Kashmir kuma, layin waya na sa-kati da aka saya a wata jiha ba ya aiki a can.

Sai zancen lokaci. Mutane sun ɗauka da zarar an shiga Disamba tsaunukan sun yi fari fat. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Garin Manali yana kan tudun mita 2,050 ne, Shimla kusan 2,200, kuma dusa ba ta sauka sai in wata guguwa mai ɗauke da danshi ta taso daga yankin Bahar Rum ta bugi Himalaya. In ba ta zo ba, sai sanyi tsagwaronsa da busasshiyar ƙasa. A hunturun 2023 zuwa 2024 har Gulmarg ta Kashmir, da ake tutiya da dusarta, ta zauna tsirara sai ƙarshen Janairu. Janairu da Fabrairu sun fi tabbas, kuma a duba hasashen hukumar yanayi ta Indiya reshen Shimla kafin a taɓa kuɗi.

Akwai kuma masu yin akasin haka, su ji an ce yau tana zuba su ce to yau za a hau. Ranar da take zuba ita ce ranar da hanya ke toshewa. Dab da Kirsimetin 2024 motoci wajen dubu ne suka maƙale tsakanin Solang, kwarin da ake zuwa wasan dusa kusa da Manali, da ramin Atal, hanyar mota da aka huda ta cikin dutse, sai da 'yan sanda suka yi ta aikin fito da mutane cikin dare. Kwana ɗaya ko biyu bayan an yi zubar, lokacin da aka share titi kuma rana ta fito, shi ne daidai. Makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa ku bar wa masu kuɗi. Ɗaki yakan ninka farashi, kilomita 14 ɗin da ke tsakanin Manali da Solang su cinye rabin yini. Wanda ya sa ran hawa mashigar Rohtang, mai tsayin mita 3,978, ya cire rai, a rufe take duk tsawon hunturu. Abin da ake bi yanzu shi ne ramin Atal da aka buɗe a Oktoban 2020, mai tsawon kilomita 9, wanda ke fitar da mutum Sissu a kwarin Lahaul. Shi ma in dusa ta yi yawa 'yan sanda kan hana ƙananan motoci, su bar masu jan taya huɗu kaɗai, wani lokaci ma su rufe gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda babu mai tayar da shi a lokacin karo-karo: sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, don haka a tawagar mutum takwas da wuya a ce babu. Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iskar oksijin, ukun nan su ne ke tayar da ciwon, kuma ukun suna jiran mutum a kan tsauni. A tsayin mita 3,000, wato wajen bakin ramin Atal, oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari in aka gwada da bakin teku. Mai SS ko SC bai kamata ya shiga bas ɗin nan ba sai ya ga likitansa, in likita ya ce a'a, to a'a ce, kada a yi masa gorin tsoro. Mai AS yawanci lafiya lau yake zuwa ya dawo, amma an sha samun waɗanda jini ya toshe musu a saifa a kan tudu. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗa. Kada a ce kumburin ciki ne a ba shi shayi. A sauko da shi ƙasa, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita cewa AS gare shi tun kafin ya tambaya, don ba kullum yake ganin irin wannan ba. Babban asibitin gundumar yana Kullu, kusan kilomita 40 daga Manali. Lambar gaggawa 112 ce.

Ko mai AA, ya guji abin da aka saba yi: a sauka daga bas da safe, a jefar da jaka, a haye Sissu kafin azahar. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya na tudu sukan fara ne daga wajen mita 2,500. Ku kwana a gari tukuna, ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishi, gobe a hau.

Tufafi kuwa, abin da ke yaudararmu shi ne hunturun gida. Sanyin Kano da asuba yakan tsaya wajen digiri 10 zuwa 13, kuma busasshe ne. A Manali cikin Janairu dare yakan sauka ƙasa da sifili, dusar kuma ruwa ce mai jiran ɗumin jikinka. Dubi yadda abin ke faruwa. Saurayi ya sa wandon jins, kambas fari, safar auduga, da wata ƙatuwar riga guda ɗaya da ya saya a kasuwar Sarojini. Minti ashirin na farko ana jifa da dusa ana hoto. Dusar da ta shiga bakin takalmi ta narke, auduga ta shanye ta riƙe, jins ya jiƙe har gwiwa ya sandare. Bayan awa ɗaya ba ya jin yatsun ƙafarsa, ya koma cikin mota yana karkarwa, kuɗin Solang ya tafi a banza.

Gyaran ba tsada gare shi ba. Riga uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, suwaita ta ulu a tsakiya, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Safar ulu ƙafa biyu, da wata busasshiya a leda cikin jaka. Hula mai rufe kunne, safar hannu wadda ruwa ba ya ratsawa. A hanyar Solang akwai rumfuna jere da ke ba da hayar takalmin roba da rigar dusa. Ku karɓa, ku yi ciniki, amma ku sani robar ruwa kawai take tarewa, ɗumin daga safarka zai fito. 'Yan'uwa mata, doguwar riga mai jan ƙasa za ta jiƙe daga ƙasa ta yi nauyi. A sa wando mai ɗumi a ciki, a zaɓi wadda ta tsaya a idon sawu. Man kaɗanya na aiki sosai a leɓe da fuska, baƙin tabarau kuma dole ne, domin hasken rana a kan dusa yana ƙona ido.

In yatsa ya mutu, ya yi tauri, ya koma toka-toka, sanyi ya fara cin sa. A fatarmu ba za a ga jan da ake faɗa ba, don haka a lura da mutuwar da taurin. Kada a murza, kada a kara a wuta ko hita, tunda wurin ba ya jin zafi zai ƙone ba a sani ba. Ruwa mai ɗumi, wanda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki, shi ake tsoma yatsan har jini ya dawo.

Kuskuren da ke kashe mutane da yawa a dare ɗaya shi ne neman ɗumi a rufaffen wuri. In dusa ta yi nauyi wuta kan ɗauke, sai mai masauki ya kawo kaskon gawayi, mu kuma mun saba da shi tun gida, sai a ja ƙofa a toshe taga a kwanta. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, barci kawai take ƙara wa mutum. A Janairun 2022 fiye da mutum 20 suka mutu a cikin motocinsu a Murree ta Pakistan, da yawansu saboda sun bar inji a kunne don hita alhali dusa ta toshe salansa. A Disambar 2024 mutum 12 suka mutu a wani gidan abinci a Gudauri ta Jojiya, 11 daga cikinsu Indiyawa, bayan an kunna janareta a cikin gini. Kasko ya fita waje kafin a kwanta, a nemi ƙarin bargo da jakar ruwan zafi. In mota ta maƙale, a fita a share bayan salansa, a kunna inji na ɗan lokaci a kashe, gilashi a ɗan sauke. In mutum biyu a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, kowa ya fita waje nan take.

Hayar mota ko babur don a tuƙa da kai, wannan ba sai na ja ba. Wanda bai taɓa taka birki a kan ƙanƙarar da ta daskare a kwalta ba, kada ya koya a gefen kwazazzabon kogin Beas. Ku ɗauki direban gari. Kogin ma a bar shi daga nesa: a Yunin 2014 ɗalibai 24 daga Hyderabad ruwa ya tafi da su a kusa da Thalout suna hoto a kan duwatsu, lokacin da aka saki ruwan madatsar Larji.

Abinci da salla suna son ɗan tunani tun daga gida. Naman da ake sayarwa a yankin galibi ba yankan Musulmi ba ne, don haka a tambaya, ko a tsaya kan shinkafa da wake irin nasu, ƙwai, da siddu, wani burodin turara na mutanen Kullu da ake ci da man shanu. Ƙullin yaji, dabino da garin kwaki a jaka sun ceci mutane da yawa. Famfo kan daskare da asuba, a ɗebi ruwa a bokiti tun dare. A yi alwala a ɗaki, a tsane jiki sarai kafin a sa safa, kada a bari sai an hau tudu a zuba wa ƙafa ruwa a cikin iska. Matafiyi yana da sauƙin kasaru, a yi amfani da shi.

Akwai wani abu da za a yi muku tayi, musamman a tsohon garin Manali da Kasol: tabar da suke kira charas. Za ku ga 'yan ƙasa da Turawa suna sha kamar ba komai. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1985 tana nan da ƙarfinta, kuma kun san wanda ake fara buɗe wa jaka a shingen bincike. Ko saƙon wani kada ka riƙe, ko na abokin aji ne.

Saura kuɗi da komawa. Sanyi yana zuƙe batir, waya mai rabin caji sai ta mutu farat ɗaya. A ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki. In ta mutu ko sabis ya ɗauke, biya ta waya ya tsaya, don haka kowa ya riƙe takardun rupi a jikinsa, ba a tara wa ma'aji shi kaɗai ba. Daga Delhi zuwa Manali ya haura kilomita 500, awa goma sha biyu ko fiye, ga hazon da ke rufe filayen Punjab da Haryana a Disamba da Janairu yana tsayar da bas da jirgin ƙasa. Wanda ya tsara isowa da asubar Litinin ya wuce aji ƙarfe tara ya yi wa kansa ƙarya. A sayi tikitin dawowa tare da na zuwa, a bar kwana ɗaya rara kafin ranar komawa karatu, a kuma ware kuɗin ƙarin dare ɗaya a otal wanda babu mai taɓa shi sai hanya ta rufe.