Darasi na Tara: Ƙiyasta Kuɗin Libarba ta Hannu a Kasuwar Amurka

A wannan darasi za mu haɗa karatu da lissafi. Kayan da za mu yi aiki da shi ba na kasuwarmu ba ne. Ƙaramar bindiga ce, libarba, irin wadda ake kira magnum, kuma kasuwar da za mu leƙa tana Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sayi irin wannan bindiga ya kuma sayar da ita bisa sharuɗɗa. Na zaɓe ta ne domin masu cinikinta sun daɗe da tsara yadda ake auna lafiyar kayan hannu da kashi cikin ɗari, kuma wannan lissafi ne da kowane baligi yake buƙata.

Kafin mu shiga, ku riƙe wannan da kyau. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin makaman da aka haramta wa mutane riƙewa, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Hukuncinsu ba ɗaya ba ne da na bindigar farauta. Duk wanda ya kawo muku irin wannan bindiga a ɓoye yana neman mai saye, fitina ya kawo muku, kuma ba ta da wani farashi da za a lissafa.

Karatu: wace irin bindiga ce?

Libarba tana da ganga mai juyawa a tsakiyarta, mai ramuka, yawanci shida, inda harsasai suke zama. Duk lokacin da aka ja kunama ko aka ɗaga guduma, wato ƙarfen baya da yake bugun harsashi, gangar takan juya ta kawo rami na gaba daidai da bututu. Magnum kuwa harsashi ne mai ƙarfi fiye da na yau da kullum. A 1935 kamfanin Smith & Wesson na garin Springfield a jihar Masachuset ya fito da libarba ta farko mai cin harsashin .357 Magnum. Dala 60 ake sayar da ita, kuɗi mai yawa a shekarun da Amurka take cikin matsin tattalin arziki. Mai saye ne yake faɗin tsawon bututun da yake so, a ƙera masa, a ba ta lambar rajista tata. Bayan kamar shekara ashirin aka fito da .44 Magnum, wanda ya fi shi girma.

Kamfanoni uku ne sunansu ya fi yawo a wannan kasuwa: Smith & Wesson, da Colt, da Ruger. Sunan kamfani kaɗai ba ya isa a yanka farashi. Dole a san samfurin, da harsashin da take ci, da tsawon bututu a inci, da irin ƙarfen, ko mai baƙin rini ne ko farin ƙarfe mara tsatsa. A bindigogin Smith & Wesson, idan aka buɗe ganga gefe, ana ganin lambar samfuri a jikin ƙarfen, misali 19-3 ko 686-4. Lambar da ke bayan ɗan layin tana nuna canjin da kamfani ya yi wa ƙirar, kuma masu saye suna kula da ita ƙwarai.

Ga dalili. A 1982 kamfanin ya daina sa wani ɗan ƙusa da yake ratsa gindin bututu, ya kuma daina yi wa ramukan ganga gurbin da gindin harsashi yake nutsewa ciki. A 2001 ya fara sa makulli a gefen bindiga, mai ɗan rami da ake sa mabuɗi. Masu tara tsofaffin bindigogi da yawa sun fi son na kafin waɗannan canje-canje, saboda haka bindiga biyu masu suna ɗaya za su iya bambanta a kuɗi don kawai shekarar ƙirarsu ta bambanta.

Abin da yake ɗaga kuɗi ba tare da an taɓa bindiga ba

Wani lokaci kaya yana ajiye a akwati kuɗinsa ya tashi ko ya faɗi. Kamfanin Colt ya fara ƙera libarba mai suna Python a 1955, ya daina gaba ɗaya a 2005. Da aka daina, kuɗin tsofaffin ya yi ta hawa har ya kai dubban daloli. A 2020 kamfanin ya dawo da ita da sabuwar ƙira. Daga nan mai son ya harba kawai yana da sabuwa a shago, mai tara kayan tarihi kuma bai daina neman tsohuwar ba. Haka kuma samfuri na 29 na Smith & Wesson, mai cin .44 Magnum: wani fim na 'yan sanda da ya fito a 1971 ya sa jama'a suka yi ta rububinta har ta yi wuyar samu a shaguna.

Ruger GP100 labarinta daban ne. An san ta da ƙwari, kuma kamfanin yana ƙera ta tun shekarun 1980 har yau. Tunda sabuwa tana nan a kanta, ta hannu ba za ta wuce kuɗin sabuwa ba. Tambayar farko ke nan ga mai ƙiyasi: har yanzu ana yin wannan kaya, ko an daina?

Duba lafiyarta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu kaya suka fi yaudarar kansu. Mai duba bindiga yakan fara da buɗe ganga ya tabbatar babu harsashi ko ɗaya. Ba a tsallake wannan, ko da mai ita ya rantse cewa babu komai ciki.

Sai jiki. A Amurka ana auna yawan rinin asali da ya rage da kashi cikin ɗari. Kashi 100 na nufin ba a taɓa amfani da ita ba. Daga nan sai 98, 95, 90, 80, har ƙasa. Wuraren da rini yake fara gogewa su ne bakin bututu da gefunan ganga, saboda shiga da fita cikin kube. Akwai kuma wani siririn layi da yake zagaye ganga, wanda juyawa take haifarwa. Wanda ya ce bai taɓa juya gangar ba, layin nan zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Ku lura da abu ɗaya da yake rikita sababbin masu lissafi. Rini kashi 90 ba ya nufin kuɗi kashi 90. A tsofaffin bindigogi da ake tarawa, tazarar kuɗi tsakanin kashi 98 da kashi 90 takan yi girma sosai, domin masu tarawa tsaf-tsaf suke nema kuma irin waɗannan ba su da yawa. Kashin rini yana faɗin yanayin kaya ne. Kuɗin kuwa sai an je kasuwa.

Wani zai ce, to me zai hana a sake mata rini ta koma sabuwa? Wannan shi ne babban kuskure. Tsohuwar bindiga da aka sake wa rini takan yi asarar babban kaso na darajarta a wurin masu tarawa, kuma suna gane ta. Kafin a sake rini sai an goge ƙarfe, gugar kuma tana sa rubutun kamfani ya dushe, kusurwoyi masu kaifi su zama dunƙulallu. Ni a ganina wannan ƙa'ida tasu daidai ce. Gogewar da shekaru suka yi wa kaya shaida ce ta gaskiya, sabon rini kuwa yana iya rufe tsatsa da rauni, kamar dai sabon fenti a jikin babur ɗin da ya sha faɗuwa.

Bayan jiki sai aiki. Ana ɗaga guduma a hankali a kowane rami, a ga ko ganga tana kullewa daram kafin guduma ta kai ƙarshe. Idan rami ɗaya yana makara, aikin maƙerin bindiga ne, kuma a tsohuwar Python gyaran yana da tsada domin da hannu aka daidaita kayan cikinta, masu iya aikin kuma sun yi ƙaranci. Ana tura ganga gaba da baya a ji ko tana wasa. Ana duba 'yar tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, wadda ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Ana haska cikin bututu a nemi tsatsa ko kumburi. A samfuri na 19 na Smith & Wesson, ana duba gindin bututu ta ƙasa, inda ƙarfen ya fi siranta, domin an san yakan tsage idan an daɗe ana harba harsasai masu ƙarfi sosai. Tsagewa a nan ba ƙaramin aibi ba ne.

Kawunan sukurori ma suna magana. Idan sun lalace, wani ya buɗe cikinta da abin da bai dace ba.

Ƙota ta asali, da kwalin da ta zo ciki mai lamba iri ɗaya da ta bindiga, da takardunta, duk suna ƙara kuɗi. Colt da Smith & Wesson duka akwai hanyar samun wasiƙar tarihi a kan bindigoginsu, mai faɗin ranar da bindiga ta bar masana'anta da inda aka aika ta. Idan kuwa an kankare lambar shaida da kamfani ya buga wa bindigar, magana ta ƙare. Riƙe irinta laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Kuɗin da aka ambata da kuɗin da aka biya

Kowa a cikinmu ya san bambancin kuɗin da mai kaya ya faɗa da kuɗin da aka sallama. Haka abin yake can. A shafukan gwanjo na intanet irin su GunBroker, za a ga bindiga an rubuta mata kuɗi mai yawa, ta yi watanni ba wanda ya taya. Wannan lamba ba ta da amfani ga mai ƙiyasi. Abin nema shi ne cinikin da ya faɗa: samfuri ɗaya, tsawon bututu ɗaya, yanayi kusan ɗaya, kuma kwanan nan. Akwai littattafan farashi da ake sabuntawa duk shekara, suna taimakawa wajen sanin inda za a fara, amma kasuwa takan riga su tafiya. Abin da mai ita ya kashe lokacin da ya saye ta, ko ƙaunar da yake mata don ta mahaifinsa ce, mai saye ba ya biyan waɗannan.

Lissafi

Lambobin da ke ƙasa na koyo ne, mun sa su don mu yi aiki da su.

Wani mutum yana da samfuri na 686. Ya sami uku irinta da aka sayar: dala 760, dala 800, da dala 840. Mu haɗa su: 760 + 800 + 840 = 2,400. Mu raba gida uku: 2,400 ÷ 3 = 800. Matsakaicin kuɗi dala 800 ke nan.

Tasa an canja mata ƙota, sai mu cire 60. Saura 740. Rami ɗaya yana makara, maƙeri ya ce gyara dala 90 ne. Saura 650. Amma yana da kwalinta na asali, sai mu ƙara 50. Ƙiyasinmu ya tsaya a dala 700.

Yanzu ta wace hanya zai sayar? Idan ya kai wa mai shago ya karɓi kuɗi nan take, ba za a ba shi 700 ba, domin mai shago yana da haya da ma'aikata kuma sai ya ci riba. A ce ya taya kashi 60 cikin ɗari. Kashi 10 na 700 shi ne 70. Kashi 60 kuwa 70 sau 6, wato 420.

Idan ya bar ta a shagon a sayar masa a cire la'ada kashi 15, kashi 10 shi ne 70, kashi 5 rabin haka, wato 35. La'ada ta zama 105. Zai karɓi 700 − 105 = 595, amma sai ya jira mai saye ya zo. Bambancin hanyoyin biyu dala 175 ne, kuma shi ne kuɗin gaggawa. Idan mai sayen yana wata jiha, dokar Amurka ta ce dole bindigar ta bi ta hannun dillali mai lasisi, wannan ma da kuɗinsa, sai a sa shi cikin lissafi tun farko.

Aikin yi

1. Karanta sashen "Duba lafiyarta" da ƙarfi ga na kusa da kai, sannan ka rubuta abubuwa huɗu da ake dubawa.

2. An sayar da bindiga uku iri ɗaya a kan dala 540, 600 da 660. Nawa ne matsakaicin kuɗinsu? Idan za a cire 75 na gyara, nawa ya rage?

3. An ƙiyasta kaya dala 900. Mai shago ya taya kashi 60 cikin ɗari. Dillali kuma zai sayar ya cire la'ada kashi 20. Nawa mai kaya zai samu ta kowace hanya?

4. Rubuta jimla biyu a kan abin da dokar Najeriya ta ce game da riƙe libarba.

5. Zaɓi wani kaya na hannu da ke gidanka, keken ɗinki ko rediyo ko injin markaɗe. Tambayi mutum uku nawa suka ga an sayar da irinsa, ka fitar da matsakaici, ka cire kuɗin gyara, ka kawo lissafin aji mako mai zuwa.